CACA MAI LASIN: DARASI DAGA DOKAR JIHAR IKKO



Darasinmu na wannan wata a kan caca ne. Kakanninmu sun san caca, amma tasu da wuri a kan yi ta, ko da karta, a bayan kasuwa, ana waige-waige kada dogarai su zo. Ta yau kuwa tana da shago mai fenti a bakin titi, da takardar izni manne a bango, tana kuma cikin wayar da ke aljihun samarinmu. Sabo da haka wata tambaya ta taso cikin ekklesiyai da yawa. Samari suna cewa, "Tun da gwamnati ta ba da lasin, har tana karɓar haraji, ina laifin?" Tambaya ce mai nauyi, tsawa kuwa ba ta amsa ta.

Mun ɗauki Jihar Ikko, watau Legas, domin mu duba dokarta. Dalili na fari, 'ya'yanmu da yawa suna can wajen neman abinci, a Agege da Idi Araba da Obalende, waɗansu gadi, waɗansu dako, waɗansu aikin gini. Na biyu, manyan kamfanonin caca na ƙasar nan a can su ke zaune, daga can kuma hannunsu ya miƙo har garuruwanmu. Kafin a fara, bari shugaban aji ya sa a karanta Luka 12:13-21 da 1 Timotawus 6:6-10.

1. WA KE DA IKON YIN DOKAR CACA?

A shekara ta 2004, zamanin da Bola Tinubu ya ke gwamna, majalisar Jihar Ikko ta yi dokar cacar ƙuri'a, aka kuma kafa hukumar da za ta lura da ita. A 2005 gwamnatin tarayya ta yi tata doka, ta kafa tata hukuma domin ƙasa duka. Nan gardama ta tashi, gama kowace tana cewa ita ce mai ba da lasin, ita ce kuma mai karɓar kuɗi. A 2008 Jihar Ikko ta kai ƙara Kotun Ƙoli. Shari'ar ta ɗauki shekara 16. Ran 22 ga Nuwamba, 2024, alƙalai 7 suka yanke hukunci da baki ɗaya. Suka ce tsarin mulki na 1999 bai sa caca cikin jerin al'amuran da majalisar tarayya ke yi wa doka ba, sabo da haka al'amarin na jihohi ne. Dokar 2005 kuwa ba ta da iko sai a yankin babban birnin tarayya, Abuja.

Ma'anar wannan ita ce, kowace jiha da dokarta. Abin da a ke ba shi lasin a Ikko, a Kano haramun ne bisa ga dokar jihar, har a 2024 hukumar Hisba ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama a birnin. Ku lura da wannan da kyau. Mutum ya hau mota a Agege da dare, tikitinsa na caca halal ne gaban doka. Kafin ya sauka a Kano, tikitin nan ya zama abin kamu. Tikitin bai sake ba, zuciyar mai shi ba ta sake ba, iyakar jiha kaɗai aka ƙetare. Wanda ya ɗora lamirinsa bisa dokar jiha, lamirinsa zai riƙa sakewa a kowace iyaka.

2. IRIN CACAR DA DOKAR IKKO TA YARDA DA ITA

A 2021, zamanin Gwamna Babajide Sanwo-Olu, jihar ta tattara tsofaffin dokokinta na caca cikin sabuwar doka guda, ta kafa hukuma ɗaya mai lura da su duka, wadda a ke taƙaita sunanta LSLGA. Ga manyan ire-iren da hukumar ke ba lasin.

Na fari, cacar lambobi. Wadda ta fi suna ita ce ta kamfanin Premier Lotto, wanda Kessington Adebutu ya kafa a 2001, mutane kuwa suna kiranta Baba Ijebu. Akwai lambobi daga 1 zuwa 90, a kan fitar da 5, mai wasa kuwa yana neman lambobin da ya zaɓa su fito cikinsu.

Na biyu, cacar wasanni, galibi ƙwallon ƙafa, a shago ko ta waya. NairaBet ya fara a 2009, Bet9ja a 2013, waɗansu da yawa suka biyo baya. Mutum ya kan sa kuɗi a kan ƙungiyar da ya ke tsammani za ta ci, yawanci a wasannin Ingila da sauran ƙasashen Turai.

Na uku, cacar takardar ƙwallo irin ta dā, inda a ke cinkar wasannin da za a tashi kunnen doki.

Na huɗu, gidajen caca na manyan otal, kamar wanda ke otal ɗin Federal Palace a tsibirin Victoria, inda a ke karta da faifai mai juyawa.

Na biyar, injunan caca, waɗanda yara ke kira kalo-kalo, da katin kankarewa.

Na shida, gasar talla, watau sa'ad da kamfani ya ce duk wanda ya sayi kayansa za a sa sunansa cikin ƙuri'ar mota ko firji. Wannan ma sai da iznin hukuma.

3. SHARUƊƊAN DA DOKA TA KAFA

Ba wanda zai buɗe sana'ar caca a jihar sai da lasin daga hukumar, lasin ɗin kuwa da kuɗi a ke samunsa, a kan kuma sabunta shi. Wanda bai kai shekara 18 ba, doka ta hana a karɓi kuɗinsa. Kamfani yana biyan jiha wani kashi na cinikinsa, doka kuwa ta ce a yi ayyukan alheri da shi, kamar makarantu da lafiya da gyaran gari. Hukumar ta kan buga sunayen kamfanonin da ke aiki ba da lasin ba, ta gargaɗi jama'a a kansu, tana kuma sauraron ƙarar wanda ya ci aka hana shi kuɗinsa. A 2025 ta buɗe wani tsari mai suna SafePlay, inda wanda caca ta fi ƙarfinsa zai sa sunansa da kansa, domin kamfanoni masu lasin su daina karɓar kuɗinsa.

Ba mu rena waɗannan sharuɗɗa ba. Romawa 13 ta koya mana hukuma daga Allah ta ke domin tsare mugunta, gwamma kuwa caca da linzami da caca ba linzami. Amma bari mu yi tunani. Gwamnati ba ta hana yaro sayen gero ba. Ba ta buɗe littafi inda mutum zai roƙa a hana shi shiga shagon tela ba. Rijiya a ke yi wa shinge, ba a yi wa tabarma. Dokar da kanta tana shaida cewa akwai rami a wurin. Abin da lasin ya tabbatar shi ne, kamfanin ya biya jiha, kuma in ka ci za a biya ka. Bai tabbatar za ka ci ba, bai kuwa ce abin yana da amfani ga ranka ba.

4. BARI MU YI LISSAFI

Waɗansu suna tsammani caca ciniki ce, yau riba gobe hasara. Bari mu ɗauki alli da allo.

A cacar lambobi, wasan da talakawa suka fi yi shi ne zaɓen lamba 2. Cikin lambobi 90 a kan sami tagwaye iri iri har 4,005. Lambobi 5 da za a fitar kuwa tagwaye 10 kaɗai su ke bayarwa. Watau sa'ar mai wasa 1 ce cikin 400. Ladan da aka saba biya kuwa ninki 240 ne. To, a ce mutum 400 sun zuba naira 100 kowanne. An tara naira 40,000. Bisa ga lissafi mutum 1 ne zai ci, a ba shi naira 24,000. Sauran naira 16,000 sun tsaya wurin kamfani da wakilansa da haraji. Ba zamba aka yi ba, haka aka shirya wasan tun daga farko, a fili, da iznin doka.

A ce wani magidanci yana zuba naira 200 kowace rana bisa lamba 2. A shekara ya zuba naira 73,000. Cikin mutum 10 masu yin haka, wajen 4 za su ƙare shekara ba su ci ko sau ɗaya ba. Wanda ya ci sau ɗaya kuwa, naira 48,000 zai karɓa, ba su kai abin da ya zuba ba. Amma ranar da ya ci unguwa duka za ta ji, kwanakin nan 364 da aka cinye shi kuwa ba mai labarinsu.

Wanda ya zaɓi lamba 3, sa'arsa 1 ce cikin 11,748, ladan kuwa ninki 2,100. Wanda ya ce zai cinki duka 5, yana neman hanya 1 cikin hanyoyi 43,949,268.

A cacar ƙwallo samari suna son jera wasanni da yawa bisa tikiti ɗaya, domin kuɗi kaɗan su haifi miliyan. Amma in wasa guda ya kuskure, tikitin duka ya mutu. Ko da a ce kowane wasa rabi da rabi ne, wanda ya jera 10 sa'arsa 1 ce cikin 1,024. Shi ya sa kullum a ke jin su suna cewa, "Wasa ɗaya ne ya yanke ni." Wasa ɗayan nan shi ne abincin kamfani.

Faifan gidan caca kuma yana da gurbi 37, daga 0 zuwa 36. Wanda lambarsa ta fito a kan ba shi ninki 35 tare da kuɗin da ya sa. Watau cikin kowace naira 37 da aka zuba, 1 ta gidan ce. Ƙanƙanuwa ce ga ido, amma faifan ba ya gajiya da juyawa. Masu magana sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Fentin shagon nan, da fitilunsa, da tallan da a ke yi a rediyo, kuɗin waɗanda aka cinye ne ya biya su.

5. ABIN DA MAGANAR ALLAH TA KOYA

Gaskiya ne, ba aya cikin Littafi Mai Tsarki da ta ambaci tikitin caca. Amma tushen da caca ke tsaye a kai, Littafin ya yi maganarsa sarai.

Na fari, izni dabam, amfani dabam. Mutanen Korinti ma sun yi fahariya da 'yancinsu. Cikin 1 Korintiyawa 6:12 da 10:23 Bulus ya nuna musu cewa abu ya kan halatta, duk da haka ba ya gina mutum, ya kuma ƙi yarda wani abu ya mallake shi. Saurayin da ba ya iya sauraron wa'azi ran Lahadi sai yana leƙen sakamakon ƙwallo cikin waya, bari ya tambayi kansa wa ke mulkinsa.

Na biyu, caca da ƙyashi da kwaɗayi ta ke ci. Doka ta goma cikin Fitowa 20:17 ta hana mu sa ido a kan abin maƙwabci. Cikin Luka 12 Ubangiji ya gargaɗi jama'a su tsare kansu daga kowace irin haɗama. Bulus kuma ya faɗa wa Timotawus cewa masu ɗokin yin arziki su kan faɗa cikin tarko. Hausawa ma sun gane wannan da suka ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Na uku, ribar ɗan caca hasarar maƙwabcinsa ce. Manomi ya sayar da dawa, shi ya sami kuɗi, mai saye ya sami tuwo, su biyu sun tafi gida da murna. Amma naira 24,000 da ɗan caca ya karɓa, daga aljihun mutum 399 suka fito, cikinsu akwai kuɗin cefane da kuɗin makarantar yara. Yaya mutum zai durƙusa ya roƙi Allah ya ba shi sa'a, alhali amsar addu'arsa ita ce 'yan'uwansa su yi hasara? Wannan bai yi daidai da ƙaunar maƙwabci ba.

Na huɗu, Allah ya shirya mu ci abinci ta wurin aiki. Ku duba 2 Tassalunikawa 3:10-12 da Afisawa 4:28. Misalai 13:11 kuwa ta gwada dukiyar da ta zo a gaggauce da wadda aka tara kaɗan kaɗan, ta nuna wadda ke daɗewa. Caca tana koya wa saurayi rena ladan yini, har ya ga sana'ar hannunsa kamar wauta.

Na biyar, mu wakilai ne. Kuɗin da ke hannunmu amana ce, za mu kuwa ba da lissafinta, kamar bayin nan na Matta 25:14-30. Cikin 1 Timotawus 5:8 an yi magana mai zafi a kan wanda ba ya kula da iyalinsa. Albashin magidanci ba nasa kaɗai ba ne, akwai rabon matarsa da 'ya'yansa a ciki tun kafin ya karɓa.

Na shida, caca ta kan ja mutum zuwa duba. Wanda ya gaji da hasara ya kan fara neman lamba cikin mafarki, ko wurin boka, ko wurin wani mai kiran kansa annabi. Kubawar Shari'a 18:10-12 ta la'anci duba, Ishaya 65:11 kuma ta tsauta wa waɗanda suka bar Ubangiji suna yi wa gunkin sa'a hidima. Duk mai ba da lambar caca cikin sunan Yesu maƙaryaci ne, kada ku saurare shi.

6. GARDAMA BIYU DA A KAN KAWO

Waɗansu su kan ce, "Ai cikin Littafi ma an jefa ƙuri'a." Hakanan ne. Joshuwa ya raba ƙasa da ƙuri'a, manzanni kuma sun zaɓi Matiyas da ita cikin Ayyukan Manzanni 1:26. Amma a wuraren nan ba wanda ya zuba kuɗi, ba wanda ya tafi da rabon ɗan'uwansa, nufin Allah a ke nema tare da addu'a. Ƙuri'ar da ta yi kama da caca ita ce ta sojojin nan a gindin gicciye, cikin Yohanna 19:23-24, waɗanda idonsu ke kan riga sa'ad da Mai Ceton duniya ke mutuwa bisa kansu.

Waɗansu kuma su kan ce, "Noma ma caca ce, gama manomi bai san ko ruwa zai zo ba." Amma manomi bai ƙirƙiro hatsarin ba, ya iske shi cikin aikin da Allah ya ba ɗan adam, in kuwa damina ta yi kyau gari duka ya ƙoshi. Ɗan caca shi ke sayen hatsari da kuɗinsa. Adashi ma ba caca ba ne, gama kowa ya kan kwashi daidai abin da ya zuba, ba wanda a ke cinyewa.

7. ABIN DA YA KAMACE MU

Ga samari, musamman ku da ke Ikko nesa da gida, mun san rayuwa ta yi tsada, aiki kuma ya yi wuya. Amma ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Naira 200 ɗin nan ta kowace rana, in ta shiga adashi ko asusu, a ƙarshen shekara naira 73,000 ce cif, ba sai an fitar da lamba ba.

Ga wanda caca ta riga ta kama, kada ka ce sai ka mai da abin da aka cinye ka tukuna za ka bari. Wannan ita ce igiyar da ta fi ɗaure mutane, garin neman gira a rasa ido. Ka tuba yau, ka faɗa wa matarka gaskiyar bashin da ke kanka, ka sami dattijo ɗaya amintacce wanda zai riƙa tambayarka. Ka share cacar daga wayarka. In kana Ikko, ka sa sunanka cikin tsarin nan na hana kai, gama ba kunya ba ce mutum ya rufe ƙofar da ɓarawo ke shigowa. Jinin Yesu ya isa ya wanke wannan zunubi kamar sauran.

Ga dattawa da zumuntar mata, Galatiyawa 6:1 ta ce mana a komo da wanda ya faɗi cikin tawali'u. Kada a fara da karanta sunansa gaban jama'a. A ziyarce shi, a duba ko akwai abinci a gidan, a taimaki matar da yaran. Ɗan'uwan da ke aiki a shagon caca domin bai sami wani aiki ba, kada a kore shi da baki kawai, a taya shi neman wata sana'a.

Ga ekklesiya duka, mu tsare gidanmu. Kada mu sayar da tikitin ƙuri'a domin ginin majami'a ko ranar godiya, muna cewa ai don aikin Allah ne. In mun koya wa yara zuba kaɗan domin su ci babba a harabar majami'a, da wane baki za mu hana su a bakin titi? Bari baikonmu ya zama na yardar rai, daga aikin hannuwanmu.

TAMBAYOYI DOMIN AJI

1. Bisa ga hukuncin Kotun Ƙoli na 2024, wa ke da ikon yin dokar caca?
2. Me lasin na gwamnati ya tabbatar, me kuma bai tabbatar ba?
3. Cikin naira 40,000 da mutum 400 suka zuba, nawa ne ya koma hannun masu wasa?
4. Ina bambancin ƙuri'ar Ayyukan Manzanni 1 da ta Yohanna 19?
5. Wane taimako ekklesiyarku za ta iya yi wa iyalin da caca ta shiga gidansu?

ADDU'A

Ya Ubanmu na sama, kai ne mai ciyar da mu kowace rana. Ka ba mu zuciya mai wadar zuci, ka sa albarka ga aikin hannuwanmu. Ka kwance 'yan'uwanmu da caca ta ɗaure, ka ta'azantar da matansu da 'ya'yansu. Ka ba masu mulkin jihohinmu hikima su tsare marasa ƙarfi. Muna roƙo cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.